An hana Baba nama da ƙwai, ga shi ana masa gashi yana ta ramewa

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Mahaifinmu ake yi wa gashin kansar maƙogwaro, wato maganin da ake yi da hasken na'ura a asibiti, yanzu an shiga mako na uku. Da farko yana cin tuwonsa lafiya lau, amma tun ƙarshen makon jiya bakinsa ya yi gyambo, yawu ya kafe, ko ruwa zai haɗiya sai ya runtse ido. Ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa. Ga kuma Gwaggonmu, yayarsa, ta zo daga gida da dokoki: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba sukari, ba maiƙo. Wai mai maganin da ta je wurinsa ya ce su ne abincin daji. Yanzu koko tsura kawai yake kurɓa sai wani jiƙo da ta kawo a jarka. Ranar da aka fara gashin kilo 61 ne, jiya da aka auna 57. Ni ba zan iya ja da Gwaggo ba, kuma ba zan iya zuba ido ba.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Sista Rabi, Anti Hadiza, ga aikinku ya zo.

Abu Sadik: Allah ya ƙara sauƙi. Amma Maman Khalifa kar ki yi saurin raina maganar Gwaggo. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Su kansu Turawan sun tabbatar kansa sukari take sha ta girma. Ka ba mai daji zaƙi da maiƙo, kamar ka zuba taki ne a gonar da ciyawa ta cinye. A bar shi a kan koko da zogale da man habbatus sauda, ciwon ya rasa abin ci.

Sista Rabi: Maman Khalifa, kafin a shiga gardamar sukari ki ji wannan. Kilo 4 daga 61 cikin ƙasa da mako uku ba ƙaramar rama ba ce, ta haura kashi 6 cikin 100. Mu a ɗakin gashi da zarar mutum ya zubar da kashi 5 hankalinmu tashi yake. Gobe in kun je kar ku jira ranar ganin likita, ki faɗa wa wanda ya karɓe ku cewa Baba ba ya ci, ga nauyinsa. Akwai maganin kurkure baki mai kashe zafi da ake yi kafin cin abinci, akwai maganin ciwo har zuwa ruwan mofin in ta kama. A kuma leƙa bakin ko farin-farin nan mai mannewa a harshe ya fito, shi maganinsa daban ne.

Kin ga robar nan mai raga-raga da ake kifa masa a fuska a ɗaure da gadon na'ura? Daidai fuskarsa da wuyansa aka yi ta ranar da aka yi awo. In ya rame sai ta yi masa yawa, kai ya riƙa motsi, hasken ya sauka inda ba a nufa ba. Dole a dakata a sake awo da lissafi, kuma a gashin kai da wuya duk ranar da aka tsallake ciwon ne yake samun sararin farfaɗowa. Irin wannan gashin yawanci sau 30 zuwa 35 ne, kwana 5 a mako. Ku yanzu kuke mako na uku. Ba don in tsorata ki ba, bakin zai ƙara zafi kafin ya yi sauƙi, har mako ɗaya ko biyu bayan an gama. Da kokon nan kaɗai ba zai kai ba.

Malam Sabi'u: Abu Sadik, tunda gona ka kawo, ni manomi ne ɗan manomi. Ban taɓa ganin wanda ya hana gero taki don ciyawa ta mutu ba. Ciyawa ta fi gero jure yunwa, geron ne zai fara kwantawa. Fartanya ake sa mata, kuma fartanyar ce ake kai Baba kullum da safe.

Abu Sadik: Malam a bar salon magana. Batun sukarin ƙarya ne ko gaskiya?

Nura Ɗan Jami'a: Rabinsa gaskiya ne Malam Abu. Wani Bajamushe, Otto Warburg, tun shekarun 1920 ya lura ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukari fiye da sauran ƙwayoyin jiki. Har yau hoton PET da wannan yake aiki, a yi wa mutum allurar sukari mai alama a ga inda ya taru. Inda maganar ta karkace shi ne zaton in an hana baki sukari an hana kansar. Jiki ba ya yarda sukarin jini ya faɗi ƙasa, don ƙwaƙwalwa da shi take aiki. In bai shigo ta baki ba, jiki zai narkar da tsoka, hanta ta mai da ita sukari. Kansar za ta samu rabonta ko ta yaya, sai dai daga cinya da damtsen Baba za a yanko mata.

Sannan kokon da aka bar masa, menene? Gero ne, sitaci, yana isa hanji sukari yake komawa. Ke nan dokar Gwaggo ba ta hana sukari ba ko kaɗan. Abin da ta hana shi ne mai gina jiki, wanda gyambon bakin yake buƙata ya warke.

Anti Hadiza: Nura ya gama magana. Bari in sauko da ita madafi. Ma'aunin da muke bi ga mai kansa shi ne kalori 25 zuwa 30 a kowane kilo na nauyinsa a rana, furotin, wato sinadarin gina jiki, kuma giram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo. Ga mai kilo 57, kalori wajen 1,700 ke nan, furotin giram 60 zuwa 85. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara wajen giram 8. Kofin koko tsura kuwa kusan duk ruwa ne, ko ya sha kofi biyar bai kama hanya ba.

Tunda haɗiya ce wahalar, kowane cokali sai ya ɗauki kaya. Ki dama kunun gyaɗa mai kauri, ki zuba madarar gari cokali 2 ko 3, ki fasa ƙwai a ciki yana kan wuta ki juya har ya dahu sosai. Amma kar ki sa tsamiya ko lemun tsami kamar yadda aka saba, tsami a kan gyambo wuta ne. Haka kokon mai koko na bakin titi, ga tsami ga citta ga barkono, wataƙila ma shi ne yake sa Baba runtse ido. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu ya haura kalori 100 kuma ba ya ƙara wa kwano yawa, ki riƙa ɗigawa a komai.

Mu Hausawa Allah ya ba mu abin da mai busasshen baki yake nema: miyar yauƙi. Kuka, kuɓewa, karkashi, da tuwon shinkafa mai laushi ƙwarai, loma ƙanana a tsoma sosai, zamewa take. A niƙa naman ko kifin ko hantar a cikin miyar, ba yaji, ba attaruhu, ba masoro. Alale mai ruwa-ruwa, awara dafaffiya ba soyayya ba, faten dankali, kabewa, ayaba da gwanda a markaɗe da madara. Kar ya yi zafi, ɗumi-ɗumi ko ma ya huce. Kuma ki daina ajiye masa babban kwano, ganinsa kaɗai kashe zuciya yake. Ƙaramin kofi duk bayan awa 2, ko yana jin yunwa ko ba ya ji, kamar lokacin shan magani. Ɗanɗanon ƙarfen kuma ki gwada cokalin roba, yana ragewa wasu. Goro, taba, kilishi, ƙuli-ƙuli, zoɓo, duk a jingine. Yana da ciwon sukari?

Maman Khalifa: Ba shi da shi Anti, hawan jini ne kawai. Wallahi kokon daga waje muke saya, ban taɓa kawo cittar a raina ba. Na gode. Amma goron nan akwai rigima, shekara da shekaru bai rabu da shi ba.

Ummu Aisha: Ni tambayata, na ji ana cewa a kurkure baki da ruwan soda. In babu, kanwa za ta yi? Ai duk ɗaya ne.

Sista Rabi: A'a Ummu Aisha, kar a sa kanwa. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, ga ƙasa a ciki, tana iya ƙona bakin da ya riga ya saɓule. Bekin soda na masu kek ake nufi. Lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 1 na gishiri, 1 na soda. A kurkure a tofar, bayan kowane ci da kafin barci, ko ma fiye. Ruwan wanke baki na kanti mai yaji-yaji a bar shi. Asuwaki ma in ya yi tauri a koma buroshin yara mai laushi.

Hajiya Gambo: 'Ya'yana ku bari tsohuwa ta sa baki, ni na kwanta a gadon nan. Tawa ta bakin mahaifa ce, ba ta hana ni haɗiya ba, amma zawo ya kusa kai ni. Ni ma an hana ni ƙwai da nama a gida, aka ce in yi ta shan maltina da madara wai ƙarin jini ne. Na sha har na gaji, aka auna jinin yana ƙasa, sai da aka ƙara min leda kafin a ci gaba. Likitan ya ce min gashi ya fi kama ciwo in jini ya wadata, don iskar da jini ke ɗauka ita ke taimaka wa hasken. Daga ranar na ce a dafa min hanta, wanda zai yi fushi ya yi.

Abin da ya fi zawon ci min rai, ware min kwano da kofi da aka yi. Jikokina da muke ci tare aka janye su, wai hasken yana jikina zai shafe su. Mutum shi kaɗai a ɗaki da kwano, ina zai ga marmarin ci? Maman Khalifa, ku zauna ku ci tare da shi.

Sista Rabi: Hajiya kin taɓo babba. Gashin da ake yi da na'ura daga waje ba ya barin komai a jiki, ana kashe na'urar ya ƙare. A ci kwano ɗaya, a ɗauki jika, ba komai. Kansa kuma ba a ɗaukarta. Batun maltina, zaƙi ne da ruwa, sinadarin ƙarfen da jini ke so yana cikin hanta, nama, kifi, wake da ganye. Shayi a kan abinci kuma yana rage shigarsa jiki, a ba da tazara. Masu gashin mara in zawo ya taso su rage ɗanyen ganye, yaji da soye-soye, madara ma in tana tayar da ciki, su riƙe ruwan gishiri da sukari na ORS, su kuma faɗa a asibiti don akwai maganinsa.

Abu Sadik: To yanzu duk abin da ya fito daga wajenmu banza ne ke nan? Zuma fa? Allah da kansa ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, Suratun Nahli. Ko ita ma sai Bature ya sa hannu?

Malam Sabi'u: Ba wanda ya taɓa zuma a nan, Abu Sadik. Kai ne ma ka ce a hana zaƙi, zuma kuwa ɗaci gare ta?

Baban Ummi: Malam ka kama shi hannu dumu-dumu.

Sista Rabi: A bar dariyar, a kan zuma ina tare da Abu Sadik. An gwada ta a kan masu gashin kai da wuya, kuma ƙungiyoyin likitocin kansa sun sa ta cikin abin da suke ba da shawara don rage gyambon baki. A samu mai kyau, a lasa a haɗiye a hankali, sai dai a kurkure baki daga baya, don bakin da ba yawu haƙoransa saurin ruɓewa suke. Zogale a miya ko a kwaɗo mai laushi abinci ne, ba ni da ja.

Jarkar nan ce ba na so. Ba wanda ya san abin da ke ciki, har mai ba da ita bai san ma'auninsa ba. Yawancin masu irin ciwon Baba ana haɗa musu gashi da kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, mai suna cisplatin, wanda shi kansa ƙoda yake wahalarwa, shi ya sa ake ta cewa a sha ruwa. Mutum ba ya ci, ba ya sha, ga cisplatin, ga jiƙon da ba a sani ba, wani ma mai sa gudawa ne da sunan wankin ciki. Sai a auna ƙoda a ga ba za a iya ba da kemon makon ba.

Nura Ɗan Jami'a: Kuma ba na gargajiya kaɗai ba. Ƙwayoyin bitamin masu tsada da 'yan kasuwar intanet ke tallatawa su ma a yi hattara. An yi wani gwaji a Kanada, sakamakonsa ya fito a 2005, aka ba masu gashin kai da wuya bitamin E mai yawa don a rage musu illar gashin. Ciwon ya fi dawowa a cikin waɗanda suka sha. Hasken ta hanyar lalata ƙwayar kansa yake aiki, abin da ke kare ƙwaya daga lalacewa yana iya kare ta kansar ma. Wanda ke cikin abinci ba matsala, tulin ƙwayoyi ne abin gudu.

Abu Sadik: Na ji na bitamin. Amma habbatus sauda ba zan bari ba, hadisi ne ingantacce.

Sista Rabi: Ba a ce ka bari ba. Mai jinya ya nuna wa likitansa abin da yake sha da yawansa, shi ke nan. Kuma man nata yana da raɗaɗi a bakin da ya yi gyambo.

Isufu Maraɗi: Salama alaikum jama'a. Mu nan Nijar sai a 2021 aka fara gashi a Yamai, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, kafin nan sai wanda ya samu hanyar fita waje. Na raka wana can. Daga Maraɗi sama da kilomita 600 ne, sai ka sauka gidan wani har wata biyu. Duk wannan lissafin na Anti Hadiza mai kyau ne, amma baƙo abin da aka ba shi yake ci. Za ka ce wa matar gida ta yi miya biyu, ɗaya ba tonka? Kunya ba ta bari. Mu fura ce ta cece mu, ita kaɗai yake iya sha. Wasu kuma sun ce a nemo nonon raƙumi ɗanye. Me kuka gani?

Anti Hadiza: Malam Isufu, fura da nono abinci ne na gaske, ta fi koko nesa ba kusa ba. Gyara biyu take so. A yi furar ba citta, ba kanumfari, ba barkono, a dama ta yi sumul. Nonon kuma ya zama daga madarar da aka tafasa, ko yogot na kamfani marar tsami sosai. Ɗanyen nono, na saniya ko na raƙumi, yana iya ɗauke da cutar burusela da tarin fuka na dabbobi, kuma mai shan kemo sojojin jininsa sun ragu, abin da kai za ka sha ka kwana lafiya shi zai kwantar da shi. A tafasa kawai.

Maganar baƙunta kuwa gaskiya ce, mu ma nan haka mutane ke tafiya Zariya, Sakkwato ko Abuja su kama ɗaki. Abin da nake faɗa wa masu jinya: kafin ku taso a soya gero, waken suya da gyaɗa a niƙa garin kunu, a riƙe fulas da ƙaramin risho. Ba sai an sayi gwangwanin madarar marasa lafiya ta Ensure ba in aljihu bai kai ba. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, gubarta hanta take ci.

Maman Khalifa: Jama'a mun dawo daga asibiti. An ba da maganin baki da na ciwo, an ce akwai farin nan a harshe. Likita ya ce in nauyin ya ƙara sauka a mako mai zuwa za a sa masa robar hanci ta ba da abinci. Da Gwaggo ta ji sai kuka, wai an gama da ɗan'uwanta.

Baban Ummi: Gaskiya ni ma robar nan tana tsorata ni. Duk wanda na gani da ita bai tashi ba.

Sista Rabi: Saboda a makare ake yarda a sa ta, Baban Ummi. Sai mutum ya rame ya ƙare dangi suke amincewa, in ya rasu a ce roba ce. Wanda aka sa wa da wuri, kunu da madara suna wucewa ba tare da sun taɓa gyambon ba, ya gama gashinsa, baki ya warke a zare ta. Na ga da yawa sun dawo ganin likita da ƙafarsu suna neman tsire. Ko da robar, ana so ya riƙa haɗiyar ɗan wani abu kullum in likita ya yarda, don kar maƙogwaron ya sangarce. In kuma yana sarƙewa ko tari duk sanda ya sha ruwa, a faɗa nan take, yana iya zama huhu yake tafiya.

Hajiya Gambo: 'Yata, Gwaggo ba maƙiyiya ba ce, tsoro ne da ƙauna. Kar ki ce mata mai maganinta ƙarya yake, ba za ta ji daga bakinki ba, ke 'yar cikinta ce. Ku tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita, ki roƙi nas babba mai shekaru ta zauna da ita. Sannan ki ce mata, Gwaggo, ba wanda ya iya dama kunun da Baba ke so sai ke, in ya sha ba za a sa robar ba. Ki miƙa mata ƙwan da hannunki. In aikin ya zama nata, ita za ta fi ku matsa masa.

Maman Khalifa: In sha Allahu haka zan yi Hajiya. Saura ɗaya, Baba ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, jiya ma sai da ya yi niyya muka yi ta roƙo.

Malam Sabi'u: Ki ce masa na gaishe shi, kuma na farilla ma Allah ya ɗauke wa marar lafiya, Baƙara aya ta 184 da 185, ya rama in ya warke, balle nafila. Hadisi ya zo a Bukhari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ko tafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Ladansa na tafiya yana shan kununsa. In bai ji daga gare ku ba, a kira limamin unguwarsu ya faɗa masa ta waya.

Garba Direba: Ku gafarce ni na shigo a makare. Ni kawuna ake yi wa gashin furosta, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Nan na ga ana ta yabon wake da alale, shi kuma an ce masa ya rage wake. Wanne ne daidai?

Sista Rabi: Duka biyun, Malam Garba, wurin gashin ne ya bambanta. Furosta tana jingine da ƙarshen hanji, in iska ta cika hanjin sai ta ture ta daga inda aka auna. Shi ya sa ake ce musu su rage wake, kabeji, albasa mai yawa da lemun kwalba, su yi bayan gida kafin su shiga, su kuma sha ruwan da aka ƙayyade musu don mafitsara ta cika daidai yadda take ranar awo. Furotin ɗinsa ya nema a ƙwai, kifi da kaza har a gama. Mai gashin nono kuma yawanci cinta ba ya canzawa sosai. Kawu ya bi takardar da aka ba shi a ɗakin gashinsu, kar ya ɗauki ta Baban Maman Khalifa.

Garba Direba: To ɗanwake fa? Shi ne karin kumallonsa kullum.

Anti Hadiza: Sunansa ma ya faɗa maka, Malam Garba. A ba shi shayi da burodi da ƙwai biyu zuwa a gama, ɗanwaken ba gudu zai yi ba.